Yadda Ake Cin Naman Farauta a Tsohon Gidan Abinci na Landan

A wani ɗan lungu mai suna Maiden Lane, cikin unguwar Covent Garden a tsakiyar Landan, akwai gidan abinci da ake kira Rules. Thomas Rule ne ya buɗe shi a 1798 yana sayar da kawa (wani abincin teku mai ƙoƙo da Turawa ke kira oyster), wato shekara shida kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, kuma har yau wutar kicin ɗin ba ta mutu ba. Akwai takwaransa Wiltons a titin Jermyn, wanda asalinsa teburin sayar da kawa ne tun 1742. Irin waɗannan gidaje sun yi suna ne da naman farauta: tsuntsayen daji, barewa da zomo. Wanda ya shiga kai tsaye bai san kan abin ba, sai ya kashe kuɗi mai yawa ya tashi da yunwa, ko a ajiye masa abin da ba zai iya kai wa baki ba. Yawancin aikin tun kafin a bar gida ake yinsa.

Fara duba kalanda

Doka ce ke yanke lokacin da ake harbin kowane tsuntsu a Ingila, wasu tun dokar farauta ta 1831, kuma kicin ɗin gidajen nan da ita yake tafiya.

Tsuntsun da ya fi kowanne daraja a wurinsu shi ne wanda za ka ga an rubuta grouse, ana furta shi girawus. Lokacinsa daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba. Idan 12 ga watan ta faɗo ranar Lahadi sai a fara 13, domin ba a harbinsa ran Lahadi a Ingila. Makwarwar Turai, wadda suke rubuta partridge, tana shigowa 1 ga Satumba ta fita 1 ga Fabrairu. Pheasant, mai dogon wutsiya da girman zabo, daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Agwagin daji daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Janairu. Woodcock, ɗan tsuntsu mai dogon baki, daga Oktoba zuwa ƙarshen Janairu. Zomon dajin ƙasar, wanda suke kira hare, doka ta hana sayar da shi daga Maris zuwa Yuli. Naman barewa kuwa kusan kullum ana samu, saboda barewarsu iri-iri ce, lokacin wannan na fita na waccan na shiga.

Idan kana da zaɓi, ka je tsakanin tsakiyar Oktoba da farkon Disamba, lokacin da kusan komai ke kan takardar abinci. Idan girawus kawai ka nufa, Satumba ta fi makon farko na Agusta: a makon farko ana rububinsa, farashi ya yi sama, naman kuma bai kwana biyu ya yi taushi ba. Pheasant na farkon Oktoba sau da yawa bai gama cika ba, na Nuwamba ya fi shi tsoka. Wanda ya je a Mayu ko Yuni zai sami naman shanu, kifi, barewa, wataƙila da hasbiyar dajinsu, amma tsuntsayen da aka san gidan da su babu, sai dai wanda aka daskarar.

Abu ɗaya game da girawus: ba a kiwonsa. A tsaunukan arewacin Ingila da Sikotlan yake rayuwa, yana cin tohon wani ɗan tsiro mai furen shunayya da ke rufe tsaunukan. Shekarar da sanyi da ruwa suka yi yawa lokacin ƙyanƙyasa, ko tsutsar ciki ta kama su, sai tsuntsun ya yi ƙaranci, masu gandun daji su soke harbi, gidajen abinci su rasa. Saboda haka kada ka dogara da kalanda kaɗai, ka buga waya ka tambaya ko akwai shi a makon da za ka je. Pheasant da yawancin makwarwa kuwa ƙyanƙyashe su ake yi a sake su cikin daji, shi ya sa ba sa yankewa kuma sun fi araha.

Kama tebur

Ba a zuwa irin wannan gida haka kawai a sa ran samun wuri, musamman daren Juma'a da Asabar da dukan watan Disamba. Ka kama tebur ta shafinsu na intanet ko ta waya, mako biyu zuwa huɗu kafin ranar. Na Disamba kuwa tun Oktoba. Yawanci za a nemi lambar katin banki, kuma idan ba ka zo ba ba ka kuma sanar ba, za a cire wani abu a kan kowane mutum. Ka karanta sharaɗin sokewa kafin ka danna amincewa.

Covent Garden unguwar gidajen wasan kwaikwayo ce. Daga ƙarfe biyar zuwa bakwai na yamma gidan cike yake da masu saurin ci su tafi kallo, ma'aikata na ta kai da kawowa. Mai son ya zauna a tsanake, ya yi tambayoyi a amsa masa, abincin rana a tsakiyar mako ya fi masa, ko kuma bayan bakwai da rabi na dare. Tebur yana da wa'adi, galibi wajen awa biyu, kuma daga lokacin da ka kama ake lissafi. Idan ka makara da minti ashirin, daga cikin lokacinka aka cire, kuma bayan kimanin minti goma sha biyar suna iya bai wa wani teburin. In ka ga za ka makara, buga waya.

A wurin da aka ware don ƙarin bayani, rubuta yawanku na gaskiya har da yara, da abin da ba ku ci. Wanda ya kama teburin mutum huɗu ya zo da shida ya sa kansa cikin kunya, domin kujerun a matse suke, ba inda za a saƙa biyu.

Maganar halal, tun kafin ranar

Nan ne ya kamata Musulmi ya tsaya ya yi nazari sosai, domin tsohon girkin Ingilishi ya ginu ne a kan abubuwa uku da ba a gani da ido a cikin kwano: naman alade, giya da jini.

Tsuntsun daji ba shi da kitse, saboda haka kafin a sa shi a tanda ana lulluɓe ƙirjinsa da sillen naman alade mai gishiri don kada ya bushe. Ko an cire sillen kafin a kawo maka, kitsensa ya riga ya shiga naman. Romon da ake zubawa a kai yawanci da jan giyar inabi ko wata giya mai zaƙi da ake kira port ake haɗa shi. Hantar tsuntsun da ake shafawa a kan burodi da barasa ake soya ta. Fai ɗin naman daji (nama da aka gasa cikin ɓawon fulawa) da ake ci da sanyi, ɓawonsa da kitsen alade ake murza shi, cikinsa ma akwai naman aladen. Fai ɗin naman shanu sau da yawa da baƙar giya ake dafa shi. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya, shi ma a gidaje da dama da giya ake dama shi. Abin da aka rubuta black pudding jini ne aka dafa, haka jugged hare, zomo ne da ake kaɗa miyarsa da jininsa.

Sai maganar naman kansa. Shanu da tumakin waɗannan gidaje ba yankan Musulunci ba ne sai in an faɗa maka haka ƙarara. Tsuntsayen kuwa harbinsu aka yi, ba ka san wanda ya harba ba, kuma wanda ya faɗo da sauran rai murɗe masa wuya ake yi ko a buge kansa. A mazhabar Malikiyya, sharaɗin farautar tudu shi ne mafarauci ya zama Musulmi ya kuma ambaci sunan Allah; sauran mazhabobi sun sassauta a kan farautar Ahlul Kitabi. Wannan tambaya ce ta kai wa malamin da ka amince da shi tun kana gida, kada ka bar ta sai mai kawo abinci na tsaye a kanka da alƙalami.

Wanda ya yanke shawarar barin naman bai yi asarar zuwa ba. Gidajen nan da kayan teku suka fara, kuma har yanzu sun iya su. Akwai kifin Dover sole, faffaɗa ne mai farin nama, ana gasa shi ko a soya da man shanu. Za a tambaye ka ko a cire ƙashi, ka ce a cire. Akwai ƙaguwa da aka ɓare aka mayar cikin ƙoƙonta, da kifin salmon mai hayaƙi, da ƙananan jatan lande da ake daskarar wa cikin man shanu mai kayan ƙamshi a ci da gasasshen burodi. Kawar ƙasar lokacinta Satumba zuwa Afrilu, ɗanya ake cinta da lemon tsami. Wanda bai saba ba ya fara da uku. Ko a nan ma ka tambayi miyar, domin miyar kifi ta Turawa takan zo da farar giyar inabi.

Tambayar ta zama gajera, ɗaya bayan ɗaya: akwai naman alade ko kitsensa? Akwai giya a miya ko a ƙullu? Da wane mai aka soya? Dokar ƙasar ta wajabta musu bayyana abubuwa goma sha huɗu da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara da ƙwai, amma alade da giya ba sa cikin jerin, saboda haka ba za ka gan su a rubuce ba sai ka tambaya. Idan ka rubuto tun lokacin kama tebur, kicin na iya gasa tsuntsu da man shanu kawai, ya kawo shi ba romo. Abin da aka riga aka dafa tun safe, kamar fai da miya, ba ya gyaruwa.

Shiga da isowa

Ba lallai sai da kwat da laktaye ba a yawancinsu yanzu, amma gajeren wando, kayan motsa jiki da silifas ba su da wuri. Kaftani mai guga da hula, ko atamfa da mayafi, shiga ce ta mutunci kuma ba wanda zai yi maka kallon banza. Babbar riga ce kawai ke ba da wahala, saboda tebura kusa da juna suke, hannun riga na iya share kofin maƙwabci. Akwai wurin ajiye rigar sanyi, laima da jaka a ƙofa. Ka karɓi 'yar lambar da za a ba ka ka adana.

Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa da Maiden Lane su ne Covent Garden, Charing Cross da Leicester Square. A tashar Covent Garden ka jira lif, matakalarta 193 ce. Ka kuma lissafa salla: a Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, a tsakiyar Agusta sai wajen takwas da rabi, kuma ba ɗakin salla a gidan abincin.

In ka shiga ka tsaya a ƙofa, ka faɗi sunan da aka kama teburin da shi, a kai ka. Ciki jajayen kujeru ne masu laushi, farin ƙyalle a kan tebur, bango kuma ba masaka tsinke don tsofaffin hotuna, zane-zanen barkwanci da ƙahonin barewa. Za a tambaye ka ruwa mai iska ko marar iska. Duka biyun na kwalba ne kuma na kuɗi. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta ce a ba wanda ya nema, kuma neman sa ba abin kunya ba ne. Idan aka miƙo takardar giya ka ce ba ka sha, sai a kwashe kofunan. Ruwan tuffa, ko lemon furen elderflower, ko na citta, duk suna tafiya da naman daji.

Kayan tebur

Cokula masu yatsu a hagu, wuƙaƙe a dama, ana farawa daga na waje a shigo ciki da kowane kwano. Ƙaramin farantin burodi na hagunka ne, kofuna na damanka. A nan aka fi yin kuskure a ci burodin maƙwabci. Adiko a kan cinya. Turawan Ingila da hagu suke kai cokali baki. Kai ka yanka loma biyu ko uku, ka ajiye wuƙa a gefen faranti, ka mayar da cokalin hannun dama ka ci. Amurkawa ma haka suke yi, ba wanda zai lura. Idan hutawa kake yi, bar wuƙa da cokali a ware. Idan ka haɗa su wuri ɗaya a tsakiyar faranti, ka ce ka gama ke nan, za a ɗauke ko da saura. Mai kawo abinci da ido ake kiransa ko a ɗan ɗaga hannu, ban da tsaki, tafi ko ƙwanƙwasa kofi.

Girawus a kan faranti

Tsuntsu ɗaya na mutum ɗaya ne, girmansa bai kai ɗan shila biyu ba. Na bana ake gasawa. Tsoho ya yi tauri, sai dai a sa shi a fai ko a dafa shi a hankali cikin romo. Idan takarda ta ce young, na bana ne. Bayan an harbe shi akan rataye shi a wuri mai sanyi kwana biyu zuwa 'yan kwanaki da gashinsa, don nama ya saki, ƙamshinsa ya fito. Ana gasa shi a tanda mai zafi ƙwarai, wajen digiri 220, na minti goma sha biyar zuwa ashirin kacal, sannan a bar shi ya huta kamar minti goma.

Saboda haka zai zo maka da ja-ja a ciki. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa Bahaushe hankali, mu da muka saba nama ya dahu har ya rabu da ƙashi. Jan ba alamar sakaci ba ne. Naman ba kitse, in ya ƙara minti biyar a wuta sai ya bushe, ya yi toka-toka, ya koma ɗanɗanon hantar da ta ƙone. In ba za ka iya da ja ba, ka faɗa tun lokacin oda a ƙara masa wuta kaɗan, kana sane da cewa ka rage masa daɗi. Shawara mafi kyau ga irin wannan mutum ita ce ya bar gasasshen tsuntsu ya nemi wanda aka dafa cikin romo.

Ga abin da ke zuwa tare da shi, kowanne da aikinsa. A ƙarƙashin tsuntsun akwai soyayyen burodi da aka shafa wa hantarsa, wanda ke tsotse ruwan naman. A gefe akwai wata farar miya mai kauri kamar kunu, bread sauce, ta madara ce da aka tafasa da albasa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, aka zuba garin burodi. Ita ke kwantar da ƙarfin naman. Akwai garin burodi da aka soya da man shanu, da dankalin Turawa da aka yanka siriri kamar takarda aka soya, su ne masu ƙaras-ƙaras. Akwai ɗan ganye mai yaji-yaji, da wani jan abu mai zaƙi da tsami na 'ya'yan itace, sai romo a ɗan butarsa.

Za a iya tambayarka ko a kan ƙashi kake so ko a cire. Karon farko ka ce a cire a kicin, amma a kawo ƙafafun. Idan ka zaɓi yi da kanka, kafa cokali mai yatsu a gefen ƙirji ka danne tsuntsun. Lalubo ƙashin tsakiyar ƙirji da bakin wuƙa, ka tsaga a gefensa daga wuya zuwa ƙasa, wuƙar na goga ƙashin, kana ture tsokar waje har ta faɗo guda ɗaya. Yi wa ɗaya gefen haka. Kada ka yi ta sara daga sama, tsuntsun zai zame ya watsa romo a farin ƙyalle. Ƙafa kuma ka karya ta baya da wuƙa har gaɓar ta bayyana, ka yanke a nan. Kowace loma ka haɗa ɗan nama, ɗan farar miya da ɗan garin burodi. In ka ci naman shi kaɗai za ka ce ya yi ƙarfi.

Ƙirjin yana da ɗanɗano mai zurfi, kamar tsakanin hanta da naman zabo, da ƙamshin ciyawar da ya ci. Cinyoyin suna da ɗaci, haka Allah ya yi su, wasu don ɗacin suke son su, wasu su bar su. An yarda a ɗauki ƙafar tsuntsun daji da hannu a gwaguya, shi ya sa akan kawo ɗan kwano da ruwan ɗumi da yankin lemon tsami. Na wanke yatsu ne. Bambancin ƙamshin rataya da ruɓa kuwa hanci ba ya ɓata shi: na farko wari ne mai nauyi irin na daji, na biyu yana bugun hanci da tsami, naman ya yi yauƙi. In ka ji na biyun ka kira mai kawo abinci tun a lomar farko, kada ka cinye rabi sannan ka yi magana.

Hattara da harsashi

Da bindigar da ke watsa ƙananan ƙwayoyi ake harbin tsuntsayen nan, kuma kicin ba ya iya tsince su duka. Yawancin takardun abinci suna ɗauke da gargaɗi a ƙasa. Ka tauna a hankali, kada ka datse haƙora da ƙarfi a karon farko. Inda ka ga ɗan rami mai duhu a tsoka, ko ɗan gashi ya shige ciki, bi shi da bakin wuƙa, ƙwayar na nan. In ka ji ta a baki, fito da ita a kan cokali ka ajiye a gefen faranti, ba abin kai ƙara ba ne. Ƙwayar dalma tana da ɗan laushi, ta ƙarfe kuwa, wadda ke ƙara yawa yanzu da ake barin dalma, tana iya fasa haƙori. A Ingila tun 1999 aka hana harbin agwagin daji da dalma, saboda haka a agwagwa ka fi kiyayewa. Dalma guba ce mai taruwa a jiki. Hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta shawarci masu ciki, masu neman haihuwa da ƙananan yara su rage cin naman da aka harba da ita. Mace mai juna biyu ta ɗauki kifi da aka dafa sosai, ta bar tsuntsun da ɗanyar kawa.

Idan girawus ya yi maka nauyi

Makwarwa ce ƙofar shiga. Namanta fari-fari ne, mai taushi, kusa da fakarar da muka sani. Pheasant kamar zabo yake, amma yana saurin bushewa, ya fi daɗi a dafe cikin romo. Cikin agwagi, teal ƙarama ce ƙwarai, ɗaya ba ta ƙosar da babba. Mallard kan ishi mutum biyu marasa ci da yawa. Naman barewa, in gadon baya ne, shi ma da ja ake kawo shi. Woodcock na ƙwararru ne: da kayan cikinsa ake gasa shi, ƙundu kawai ake cirewa, a shafa sauran a burodi, a raba kan biyu don a ci ƙwaƙwalwar. Kada ka yi odarsa ba ka san haka ba.

Wasu sunaye suna ruɗarwa. Pudding na iya nufin kayan zaƙi, na iya nufin naman shanu da ƙoda da aka rufe da ƙullu mai kitsen saniya aka turara awanni, na iya nufin Yorkshire pudding, wanda ƙullun fulawa da ƙwai da madara ne da ke kumbura a tanda ana ci da gasasshen naman shanu. Scotch woodcock ba tsuntsu a ciki, ƙwai ne da ɗan kifi mai gishiri a kan burodi. Welsh rarebit ba zomo, narkakken cuku ne, kuma da giya ake dama shi. Farin abin da ke zuwa da naman shanu, horseradish, zafinsa hanci yake hawa; taɓa kaɗan tukuna. Kayan lambu da dankali galibi daban ake odarsu da kuɗinsu, kwano biyu sun ishi mutum uku. Kada ka zo da yajinka, ka nemi mastad ɗin Ingilishi in kana son abin da zai motsa harshe.

Kayan zaƙinsu masu nauyi ne, ka bar musu wuri. Sticky toffee pudding da dabino ake yinsa, ana kwarara masa narkakken sukari da man shanu, kuma shi ne ya fi dacewa da bakinmu. Akwai tuffa da aka gasa ƙarƙashin ɓarɓashin fulawa ana ci da kastad mai zafi. Trifle da fudin ɗin Kirsimeti duk da giya a ciki. Cukun Stilton mai shuɗin jijiya yana da ƙarfi, a raba ɗaya a tebur.

Biyan kuɗi

Ba a kawo takardar kuɗi sai ka nema. Farashin da ke kan takardar abinci ya haɗa da haraji, amma a ƙasan bil za ka ga an ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 12.5 cikin ɗari, wasu gidajen 15. Idan abinci ya kama fam 160, kashi 12.5 fam 20 ne, ka biya 180. In an riga an sa shi, ba sai ka ƙara tukwici ba, kuma ka duba na'urar kati kada ta sake tambayarka ka biya sau biyu. Tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin hidimar dukkansa na ma'aikata ne. Ana iya cewa a cire shi idan hidimar ta yi muni ƙwarai, amma ba a cire shi don tsuntsu ya zo da ja ko don ka tauna harsashi.

Ka bi layukan bil ɗin ɗaya-ɗaya, musamman kwalaben ruwa da kwanonin gefe. Idan rabawa za ku yi, ku faɗa kafin a kawo na'ura. Katin banki na gida yakan ƙi aiki a waje ko ya kasance da iyakar abin da zai fitar, saboda haka ka gwada shi a wani shago tun da rana, ka kuma riƙe na biyu. Mai tsabar kuɗi ya duba irin takardun da ke hannunsa: tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun ƙarshen Satumban 2022, na roba kawai ake karɓa. Mai ajiyar riguna a ƙofa akan ba shi fam ɗaya ko biyu idan ya miƙo maka kayanka.